Keken da Ya Ci Hannun Riga

Rami na biyar Tela yake ɗiga wa mai sa'ad da inuwa ta tare hasken ƙofa. Ramuka bakwai ne a jikin tsohon keken ɗinkinsa, kuma shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana shayar da su kowace safiya kafin shi kansa ya kurɓi wani abu. Ɗigo ɗaya, ya juya wili da tafin hannu, ya karkata kai ya saurara, sannan ya wuce na gaba. A da ido ne ke nemo masa ramukan. Yanzu kan yatsa ke lalubo su, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi.

Ba wanda ya san haka, ko kuma dai shi haka yake zato. Zaruruwansa na rataye a ƙusoshi bisa tsarin da ya haddace, fari a farko, baƙi a ƙarshe. Allura kuwa tun kafin maƙwabta su buɗe shaguna yake zura mata zare, ya lasa ya gwada, ya lasa ya gwada, wata rana sau goma, wata rana har ya daina ƙirgawa. Ɗansa ya riga ya faɗa masa, cikin ladabi, kai a sunkuye: ranar da ido ya gaza, za a sa wa shago kwaɗo, Baba ya dawo gida ya huta a kujera. Tela ya san irin wannan kujerar. Abokansa uku sun zauna a kanta, ba wanda ya sake tashi.

A ƙarƙashin teburin yanka akwai kwali, an lulluɓe shi da tsohon labule. Tun jiya da la'asar Tela bai yarda ya juya fuskarsa ta wajen ba.

"An tashi lafiya, maigidan da ba ya cefane?"

"Lafiya na tashi, sai da na ji muryarki. Ki shigo ko ki fita, Ƙyalle. Mutum kamar tsinke, amma ya iya tare rana."

Jikarsa ce, 'yar ɗan nasa. Ƙyalle yake ce mata saboda tana jaririya a kwandon ƙyallaye ake kwantar da ita, ƙarar keke tana rarrashinta har ta yi barci. A watan jiya ta gama makarantar koyon ɗinki, har an ba ta aikinta na farko: rigunan 'yan makaranta guda arba'in, a kai kafin a dawo daga hutu, saura kwana goma sha biyu. Ubanta ya ce zai saya mata keke, aka ce Tela ne zai je ya zaɓo tunda shi ne gwani. Na lantarki aka ce masa, mai miƙaƙƙen ɗinki. Abin da ke cikin kwalin nan ba shi ba ne.

"Na zo ɗaukar kayana," in ji ta.

"Haka ake yi? Mace ta shigo shagon mijinta, ba durƙuso, ba ya ƙarfin jiki, sai kaya?"

"Ina ƙarfin yake da zan tambaye shi? Miji duk haƙoransa ba su kai maɓallan riga ɗaya ba."

"Huɗun da suka rage sun fi talatin da biyun samarinki aiki."

"Uku ne. Na ƙirga rannan da kana hamma. Ka sayo ko ba ka sayo ba?"

"Na sayo."

"Yana ina?"

"Yana hutawa. Ya sha hanya."

"Keken ne ke hutawa?"

"Ba a koya muku ba a makarantar? Sabon keke baƙo ne, ba a sa shi aiki ranar da ya sauka."

"Shekaranjiya ya sauka."

"Baƙon kirki kwana uku ake yi masa. Kuma ni ba na miƙa makami ga wanda bai san sunan makami ba. Takardar da suka ba ki, ni ban sa mata hannu ba. Zauna. Keken ɗinki iri nawa ne?"

Ta zauna a bencin masu jiran gyara, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta gyara mayafi kamar wadda aka gayyato ta yi hukunci.

"Ta wace fuska? Ta abin da ke juya shi, ko ta inda ake aiki da shi, ko ta irin ɗinkin da yake yi?"

"Ji iyayi! A tambayi mutum hanya, ya ce da wace ƙafa za ka taka."

"In ta abin da ke juya shi ne, uku ne. Na hannu, na ƙafa, na lantarki. Na hannu na masu yawo ne, su ɗora shi a kafaɗa suna kaɗa almakashi ƙofa-ƙofa. Na lantarki na mutanen wannan zamani ne. Na ƙafa kuwa na mutanen da ne, waɗanda aka manta ba a zo an ɗauke su ba."

"Na ƙafan nan shi ya ɗinka wandon da ubanki ya je neman uwarki da shi. Da ya yage a hanya, da yanzu babu ke."

"Na ji labarin wandon. An ce ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Ƙafar ubanki ce ta fi, wandona daidai yake."

Ya yi dariya, amma hannunsa na ta goge wuyan keken da tsumma, wurin da ya riga ya goge sau uku.

"Ci gaba, malama."

"Ta wurin aiki, akwai na gida, akwai na masana'anta. Na gida ba nauyi, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, ya gaji da wuri. Na masana'anta abu ɗaya ya iya, amma zai yini yana yinsa bai ce wash ba."

"Ni da ke ke nan. Ni aiki ɗaya, shekara arba'in. Ke sana'a goma, ba wadda ta kai azahar."

"Sannan ga ƙira. Akwai mai shimfiɗaɗɗen baya irin naka. Akwai mai siririn hannu, a zura masa ƙafar wando ko bakin hannun riga. Akwai mai tsayuwa kamar turke, na masu takalmi da jaka. Har da na ɗinke bakin buhu, wanda ake riƙewa a hannu kamar dutsen guga."

"Shi ya dace in sayo miki. In an gama da buhun, a juyo kan bakinki."

"Sai ka rasa mai gaishe ka. Duk layin nan ban da ni wa ke leƙo ka?"

"Mage tana leƙowa, kuma ta fi ki tarbiyya." Ya ajiye tsumman. "Duk wannan da kika zuba, karatun takarda ne. Mu a wajenmu keke iri huɗu ne, kuma da kunne ake rarrabe su. Akwai mai tari, wanda maigidansa ya hana shi mai, ka ji shi ƙwal-ƙwal kamar tsohon da aka bari a iska. Akwai mai gulma. Shi a sama lafiya lau yake tafiya, ƙus-ƙus-ƙus, a ƙasa kuwa yana tara zare kamar sheƙar tsuntsu, sai ka juya yadi ka ga abin da ya faɗa a bayan idonka. Akwai mai zabura, irin naku na wuta, ka taɓa shi da babban yatsa ya tsere da yadi kamar an ce masa gidansu na gobara. Sannan akwai mai waƙa."

Ya ɗora tafinsa a wuyan baƙin keken, inda zanen furannin ruwan zinari ya daɗe da gogewa saboda yawan shafa.

"Shi wannan in ya kama tafiya, yayyafi ne a rufin kwano. Ki ɗaure mini ido a kasuwar kekuna, in zaɓo miki shi cikin ɗari."

Maganar ta riga ta fita kafin ya kamo ta. Ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi.

"To ai shi ke nan," in ji Ƙyalle, tana tafa hannu. "Na tabbata mai waƙa ka zaɓo mini. Buɗe mu sha kiɗa."

"Ba ki gama jarrabawa ba. Saura ta irin ɗinki."

"Wai yau ƙwalwarka ce ta tuna tana da aiki? To ji. Na farko miƙaƙƙe, shi ne uban tafiya. Shi ke haɗa gaba da baya, ya kafa wuya, ya dasa aljihu. Shi aka aike ka ka sayo. Sai zigizag mai tafiyar maciji. Sai na surfani, mai zana fure a wuyan riga. Sai na huda gidan maɓalli, da na dasa maɓallin kansa. Sai na wibin..."

"Ya isa. Kin ci."

"Ban gama ba. Na wibin shi ne mai zare uku ko huɗu, da wuƙa a bakinsa. Yana tafe yana datse gefen yadi, yana ɗaure shi kada ya zare. Amma ba zai kafa maka wuya ba, ba zai dasa aljihu ba."

"Na ce kin ci! Ana ba ki nasara kina neman gyara, wannan wace irin haɗama ce?"

Ya ɗaga hannu zai kore maganar kamar ƙuda. Hannun rigar da ya naɗe tun safe ya warware, ya sauko har wuyan hannunsa.

Farar riga ce. A bakin hannunta na dama, tsawon kamu ɗaya, an datse yadin tsaf, an bi shi da sarƙar zare mai kyau, madaidaiciya, wadda hannun mutum bai isa ya yi ba. Ƙyalle ta dubi sarƙar. Ta dubi labulen da ke ƙarƙashin tebur. Ta sake duban sarƙar.

"Maigida, yaushe ka fara gayu?"

"Wane gayu?"

"Hannun rigarka."

"Gyara ne. Bakin ya fara zarewa, na kama shi."

"Da wane keke?"

"Da hannu."

"Hannu mai zare huɗu. Allah ya ƙara basira."

"Ke yarinya ce. Abin da babba ya hango..."

"Yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na haddace. To babba, wane launi ne zaren?"

Ya ɗaga hannun kusa da fuskarsa, kamar mai duba agogo. Abin da ya gani bai fi abin da ake gani a ƙasan ruwan sabulu ba.

"Farar riga, farin zare mana. Ni mahaukaci ne?"

Ya jira dariyarta. Tun tana da haƙora biyu a baki bai taɓa bar mata ƙofa a buɗe ta ƙi shiga ba. Yau ba ta shiga ba. A maƙwabta mai gyaran babur yana buga guduma, wata mota ta wuce, labulen ƙofa ya motsa ya koma. Shirun nan shi ya faɗa masa komai.

"Kaka," ta ce.

Ta fi shekara goma ba ta kira shi da wannan suna ba.

"Kada ki ce mini Kaka a shagona. Zage ni yadda kika saba."

"Ja ne, Kaka. Da shuɗi, da kore, da rawaya. Haka suke zuwa a sabon keke, don a gane hanyar da kowane zare ke bi."

Tela ya sauke hannun a hankali ya ɗora a cinya, ya rufe shi da ɗaya hannun. Jiya da wannan rigar ya bi layin nan daga farko har ƙarshe, yana amsa gaisuwar teloli 'yan bana-bakwai, yana ɗaga musu wannan hannun. Ya miƙa ƙafa, ya jawo labulen da yatsunsa. Kwalin ya fito fili.

"Ga kayanki," ya ce. "Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Tun shigowarki haukan nake yi, ba ta naɗu ba."

Sai ya ci gaba, fuskarsa na kallon matakin keke.

"Kantin babba ne, duk gilashi da fitilu. Kekuna a jere, farare fat kamar ƙwai a faranti, kuma duk bebaye. Ko ɗaya ba a jona ba. Na ce a kunna mini in ji, aka ce na nuni ne. Kowanne da takarda a wuyansa, rubutun kamar an zubar da tururuwa. Ina shirin in ce a karanta mini, sai mai kantin ya gane ni. Ya ɗaga murya ya ce, ah, babban tela da kansa! Ku zo ku ga yadda ake zaɓen keke, shi ba a gaya masa. Suka taru a kaina, Ƙyalle. Har da masu saye."

"Matambayi ba ya ɓata," ta ce a hankali.

"Ni na koya miki ita. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma ranar na naɗa shi har ya rufe mini kunne. Na bi su ina shafawa kamar mai sayen rago. Wibin na san kukansa daga layi uku, amma ban taɓa ɗora masa hannu ba, ni gefen yadina da kalmasa nake kashe shi. Na zo kan wannan, na ji sandunan zare har huɗu a bayansa. Na ce a raina, sanda ɗaya ta riƙe ni shekara arba'in, huɗu ai sai su riƙe yarinyar nan har jikokinta. Mutumin ya ce, wannan kake so, Baba? Na ce masa, ka ga na yi kama da mai shakka?"

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai maƙogwaro ba.

"Jiya na jona shi, na ba shi ƙyalle. Taku ɗaya na ji wuƙa, kyas-kyas-kyas. Kunnena bai ɓata lokaci ba, nan take ya ce mini, tsoho, ka yi abin kunya. Kafin in ɗaga ƙafa ya haɗa da hannun rigata. An ce wanda aka buɗe aka jona ba ya komawa. Ko yana komawa, da wace fuska zan kai shi? Tashi ki gaya wa ubanki. Ya zo da kwaɗonsa."

Ƙyalle ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Da ta yi magana, muryar daga cikin mayafin ta fito.

"Ba don gwaninta aka aike ka ba."

"Me kika ce?"

"Watan jiya ka yi wa Baba facin wando. Baƙin wando, ka bi shi da zare ruwan ƙasa. Bai ce maka komai ba, ya zo gida ya zauna yana kallon facin har abincinsa ya huce. Shi ya ce a aike ka kai kaɗai. In ka dawo da daidai, a ƙyale ka da shagonka. In ka dawo da wani abu daban, an gani. Ni kuma na yarda. Ranar ka ce mini, taso ki raka ni, ki riƙe mini jaka. Na ce kaina na ciwo."

"Na tuna. Har na ce a jiƙa miki magani."

"Kaina lafiyarsa ƙalau. Na san in na bi ka zan karanta maka takardar. Sai na zauna a ɗaki ina jira in ga ko za ka faɗa."

"Ashe tarko ne."

"Tarko ne."

"Kuma da ke aka ɗana shi."

"Da ni."

Hasken safe ya matso daga bakin ƙofa ya hau kan kwalin, ya tsaya a tsakaninsu kamar baƙon da ya shigo ana tsakiyar maganar gida.

"Zomo ba ya fushi da makashinsa," in ji Tela, "sai maratayinsa."

"Na sani."

"Sai dai wannan maratayin ko nauyin zomon bai kai ba. Da me zan yi fushin? Share hancinki, kada ki ɗiga mini a yadin mutane. Riga arba'in, kwana goma sha biyu. Da me za ki ɗinka?"

Ta share ido da bakin mayafi. Ta dubi baƙin keken.

"Ga miƙaƙƙe nan."

"Wanne? Na mutanen da, waɗanda aka manta ba a ɗauke ba?"

"Aro zan yi. In na yi arziki in saya maka haƙora."

"Hau mu gani."

Ya tashi daga kujerar. Tunda aka kafa keken nan ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi, har katakon ya ɗauki siffar zamansa. Ƙyalle ta zauna, ta sa ƙyalle a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafafu biyu a mataki, ta danna da ƙarfinta. Wili ya yi gaba, ya yi tunani, ya dawo da baya. Zare ya ce tas.

"Allurarka ce ba ta da kyau."

"Haka ne. Sake."

Ta zura zare cikin ƙiftawar ido, abin da ke cin masa rabin safiya. Ya ji ƙarar wucewarsa. Ta sake dannawa. Keken ya yi tari sau biyu, ya koma da baya, ya haɗiye ƙyallen.

"A makaranta duk na wuta ne," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ƙafa a hoto muka gan shi."

Sai Tela ya fashe da dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki, haƙoransa uku duk a waje, yana dafe da tebur.

"Takarda mai hatimi! Ta lissafo mini iri goma sha biyar, ɗaya ya kayar da ita a gaban mijinta! Wayyo cikina! A kira mai gyaran babur ya zo ya ga malama!"

"Ka yi a hankali kada na ukun ya faɗo."

"Ya faɗo, ya ga abin da ya ishe shi. Cire ƙyallen. Ba da ƙafa ake tashinsa ba, da hannu ne. Juyo wilin wajenki, kamar kina kiran yaro ya zo. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Kada ki tura shi, ki bi shi. Yanzu rufe ido."

"In rufe ido in ɗinke yatsana?"

"Shekara biyu ina yi, ga yatsuna goma. Rufe."

Ta rufe. Ta jawo wilin wajenta, ƙafafunta suka yi tuntuɓe, suka gyara, suka kama. Keken ya yi gyaran murya. Daga nan sai yayyafin ya sauko, a hankali da farko, ɗigo-ɗigo, sannan ya daidaita, ya cika ɗan shagon har guduma ta maƙwabta ta koma nesa. Tela na tsaye a bayanta, kansa a karkace. Bai taɓa jin waƙar daga nan ba. Kullum daga cikinta yake jin ta.

"Tsaya," ya ce. "Yana gulma. Zaren sama ya yi sako-sako, murɗa maɗaurinsa kaɗan."

"Lafiya lau ɗinkin yake. Ga shi ina gani."

"Juya yadin."

Ta juya. A bayan ƙyallen zare ya yi kumfa, madauki bayan madauki.

"Yaya aka yi ka gani?"

"Ban gani ba."

Ta murɗa, ta sake takawa, ta juya. Layin ya fito sumul gaba da baya. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kaka, ji mana. Wibin ɗin ma ina buƙatarsa. Riga arba'in, in na ce da kalmasa zan kashe gefensu, sai yaran sun gama makarantar ban gama ba. Zan ce wa Baba ni na canza shawara a hanya, ni na ce ka sayo wannan."

"A'a."

"Ba zai gane ba."

"Na yi wa ɗana ƙarya shekara biyu da idona. Ba zan ari bakin jikata in ƙara ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya laluba gefen keken, ya ɗauko 'yar butar mai, wadda tsatsa da yatsunsa suka mayar ruwan ƙasa. Ya kamo hannunta ya danƙa mata.

"Ramuka bakwai ne. A na biyar kika katse ni, saura biyu. Ɗigo ɗaya-ɗaya, kada ki yi masa wanka. Wannan ne sadakinki, kada ki sake ce mini ba na cefane."

"Butar da ko mai gwangwan ba zai karɓa ba?"

"Daidai kuɗin amaryar ke nan."

Ta yi dariya, hawaye na bin dariyar. Ya ɗauki hularsa daga ƙusa, ya kafa.

"Ina za ka?"

"Wajen ubanki. Zan ce masa tarkonsa ya kama, ya zo ya ga abin da ya kama. Kwaɗon ya ajiye, shago ya yi sabon tela, sai dai kurma ce, tana buƙatar mai ji mata. Kujerar da yake ta tanada mini kuwa na karɓa. Ya ɗauko ta ya kawo nan, ya ajiye a gefen keke."

"In ya ƙi fa?"

"Ni na ɗinka masa wandon farko. Na san inda yake yagewa."

"To naɗe hannun rigar mana. Haka za ka bi layi?"

Ya tsaya. Ya shafa sarƙar zaren da babban yatsa, daga farkonta har inda wuƙar ta tsaya. Sannan ya sake ta, ya bar hannun rigar a sake.

"Ja kika ce?"

"Ja, da shuɗi, da kore, da rawaya."

"Shekara arba'in ina yi wa mutane ado, ba wanda ya taɓa yi mini. A bar shi."

Ya nufi inda hasken yake. A bayansa ta ɗora ƙafa a mataki, wili ya yi gaba, ya yi tunani, zare ya ce tas.

"Wajenki, Ƙyalle," ya ce, bai waiwayo ba. "Juyo shi wajenki."

Ya dafa katakon ƙofa da hannun nan mai launi huɗu, ya laluba dokin ƙofa da ƙafa, ya fita.